Ajiya a Rumbun Illo

Da yammacin wata Talata cikin bazara, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, Jummai na tankaɗe, mijinta Illo na alwala, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ba wanda ya ɗaga kai, don yaran maƙwabcinsu Attantane ba su rabo da jifar kurciya. Na biyu ya faɗo cikin ƙwaryar garin. Jummai ta ɗauka, ta sake shi da sauri. Dutsen da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Ɗiyarsu Zulaihatu ba ta ji ba. Tana cikin tsohon rumbun bayan gida.

Ta gama karatun informatik, wato ilimin kwamfuta, a Maradi, wani ƙaramin kamfani ya ba ta aikin gwaji: manhajar waya da za ta riƙa gaya wa manoman wake yadda kasuwa take. Kafin ta rubuta layi ɗaya, sai ta girka kayan aikin a ordinatarta, kwamfutar da ta saya ta hannu. Zafin ɗaki yana kashe na'urar. Rumbun kuwa na ƙasa ne, cikinsa da sanyi, ya daɗe babu hatsi tun da Illo ya koma zuba gero a buhu. Ta jingina tsani ta shiga. Ba ta yi sallama ba, don ba ta taɓa jin wanda ya yi wa rumbu sallama ba.

Duk sanda ta sa na'urar ta harhaɗa aikin, sai ta yi nisa, fankarta na kuka, sannan ta tsaya da kalmomi biyu: mémoire insuffisante, wato memwar ba ta isa ba. Memwar ita ce shimfiɗar da na'ura ke baza aikin da ke hannunta, kamar tabarmar shanya. In ta cika, aiki ya tsaya. Zulaihatu ta bi abin da aka koya mata. Ta rufe duk abin da ke buɗe. Ta rage kason da ta ba kayan harhaɗawa, ta ƙara shi, duk ɗaya. Ta yanki wani ɓangare na diski, ma'ajiyar na'urar, ta ara wa memwar. Ta kwance bayan na'urar, ta zaro sandar ram, wadda ita ce memwar, ta hure ta mayar, gwaji ya ce lafiyarta lau. Daga ƙarshe ta buɗe jerin abubuwan da ke gudana, ta ga wani layi can sama, ba suna, ba mai shi, ya cinye fiye da rabin wurin. Abokan karatunta suka ce mata a waya ƙwayar cuta ce, ta kashe shi. Ta kashe, ya dawo. Ta sake kashewa.

Ranar da ta fara kashe shi ce ranar da aka fara jifa.

Daga nan magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da liman ya ɗaga murya sai duwatsu su sauko, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Bayan su sai a ji daka cikin rumbu, alhali babu turmi a ciki. Awaki suka daina zuwa bayan gida.

Zulaihatu kuma ta fara mantuwa. Ta nemi gishiri yana inda yake tun tana yarinya. Ta gaida maƙwabciya kamar baƙuwa. Jummai ta ce gajiya ce, har wata yamma suna cin tuwo, yarinyar ta ajiye loma, ta ce da wata murya mai kauri:

"Ke amarya, rage barkono. Ɗana bai son shi."

Illo ya ɗago kai. Maganar mahaifiyarsa ce, da muryarta, ita kuwa ta rasu kafin a haifi Zulaihatu. Yarinyar ta lumshe ido, ta buɗe, ta dubi Jummai da ladabi, da muryarta ta kullum.

"Baiwar Allah, yi haƙuri. Ke wace ce a gidan nan?"

Da gari ya waye Illo ya hau moto, wato babur, zuwa Mayahi, ya ɗauko Malam Bube, wani dattijo mai ƙarancin magana da ake kira in irin wannan ta faru. Sun iso rana ta yi ja. Malam ya saurari labarin duka, har da na layin da ba suna, bai nemi ganin yarinyar ba. Ya wuce bayan gida, ya tsaya gaban rumbu, ya yi sallama.

Amsar daga ɗakin Jummai ta fito, daga bakin Zulaihatu.

"Wa alaikumus salam. Sai yau."

Bayan sallar magariba aka zaunar da ita a tabarma, Jummai ta riƙe kafaɗunta. Malam ya yi karatu a hankali, ya daɗe, har jikin yarinyar ya fara rawa, wuyanta ya sandare.

"Wace ce ke?"

"Mai tsaron rumbu. Tun kakan maigidan ga yana yaro nike ciki."

"Mi ta yi miki?"

"Ku hatsi kuke ajiyewa. Ni maganar gidan nike ajiyewa: abin da aka faɗa, abin da aka rera, kukan haihuwa da na mutuwa. Tsakanin zangarniya nike sa su. Da kuka kwashe gero, ajiyata ta zauna ƙasa, gara na ci. Sai yarinyar ga ta kawo akwati mai wuri a ciki. Na zuba, ta watsar. Na tsince na sake zubawa, ta sake watsarwa. Na yi jifa ku ji, ba ku ji ba. Sai na duba, ashe kanta ma wuri ne."

"Nata fa, da kika tarar ciki?"

"Na fitar, kamar yadda ta fitar da nawa. Yana nan gefe, na tara."

Malam ya ce ba da sani yarinyar ta yi ba. Ya ce za a zuba gero a rumbu a rufe, ba mai ƙara shiga sai da sallama, ita kuma ta ji tsoron Allah ta kwashe kayanta ta mayar da na mutane. Sai muryar ta amsa.

"Na yarda. Amma dami ɗaya ya watse ban same shi ba, muryar matar da ta fara daka a gidan ga. Ba ni fita hannu wofi. Cikin nata zan riƙe ɗaya."

Malam ya koma karatu da ƙarfi. Yarinyar ta yi ƙara, bayanta ya lanƙwashe, jini ya zubo daga hancinta. Ya tsaya, ya dubi iyayen.

"In na matsa za ta fita. Amma fitar gudu ce, ba za ta tsaya mayar da komai ba."

"Ku zaɓa," in ji muryar. "Ko abin da ta koyo tun daga makarantar lakwal har Maradi, ko ƙuruciyarta a gidan ga, daga goyo zuwa ranar da aka kai ta lakwal."

"Ɗauki karatun!" Illo ya faɗa. "Shi ya jawo mana wannan."

"A'a, maigida."

Jummai ba ta saba katse shi gaban baƙo ba. Hannunta na kan kafaɗun ɗiyarta, ba ta dubi kowa ba.

"Karatun nan in ya tafi, wa zai mayar mata cikinmu? Kai ko ni? Ƙuruciyarta kuwa ina da ita. A bayana ta yi ta."

"Jummai, kin san abin da kike faɗi?"

"Na sani."

Malam ya sa muryar ta rantse, ta rantse. Zulaihatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale kan cinyar uwarta. Can bayan gida jinkar rumbu ta motsa, ko da yake babu iska.

Washegari Illo ya samo dammunan gero wajen ƙanensa, ya yi sallama, ya zuba, ya rufe. Ba a ƙara jifa ba. Zulaihatu ta koma zaure da na'urarta, ta ɗora ta kan tubali kusa da randa. Ta buɗe jerin, layin babu shi. Ta sa harhaɗawa, aikin ya tafi har ƙarshe kafin shayin Illo ya tafasa. Ta san gishiri, ta san maƙwabciya, ta kira Jummai Inna.

Da yamma suna zaune tsakar gida, ta ja zanenta ta dubi gwiwarta.

"Inna, wannan tabon fa, a ina na same shi?"

Jummai ta ajiye rariya. Ta fara ba ta labarin wani bunsuru, da wata yarinya mai taurin kai da ta ce sai ta hau shi. Zulaihatu na saurare, tana dariya a inda ya kamata, kamar mai jin labarin ɗiyar wasu.

Liman ya ɗaga murya. Daga cikin rumbu, can ƙasa-ƙasa, wata mace ta fara rera waƙar rarrashin goyo. Zulaihatu ta juya, ta ce wa ke waƙa. Jummai ta gane muryar. Tata ce, lokacin tana da ƙuruciya.

Ta matso kusa da ɗiyarta, ta kama gwiwar mai tabo, ta ɗan ƙara murya, ta ci gaba da labarin bunsurun.