Rigar da Aka Ɗinka Tun Bara

Auta ta ɗago rigar daga ƙasan akwatin.

Zare ta shigo nema a shagon ɗinkin Gwaggonta, da rana tsaka, keke a tsaye, fanka na juyawa a hankali ba ta ba da iska. Rigar ango ce fara, ninkinta har ya yi ja don daɗewa. Hannun dama ya gaza na hagu.

Mutum ɗaya ta sani mai irin wannan hannun: Bahago mai gyaran kayan wuta, wanda ya karye yana yaro, ƙashin ya warke a gajarce. Shi ne wanda ta yi watanni tana zubar da hawaye a kansa, kafin a yarda ta aure shi.

A ƙarƙashi kuma ga rigar amarya, daidai ƙugunta.

"Gwaggo... yaushe kika ɗinka waɗannan?"

Gwaggo ba ta ko ɗago daga zura allura ba. "Bara."

"Bara ai ban san shi ba!"

"Mu mun san shi."

Auta ta juyo gare ta.

"Amma Umma ta rantse ba zan aure shi ba! Ke ma har gori kika yi masa..."

Gwaggo ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Auta ke nan. Tun kina rarrafe, in ana so ki ci abinci sai a ce kar ki taɓa. Da mun ce ga miji, ai da kin tsallake katanga."

Sai komai ya dawo mata. Dutsen gugar da Umma ta aike ta da shi, ta ce lallai shagon ƙarshen layi, alhali ga mai gyara a ƙofar gida. Faɗan da aka riƙa yi mata da ƙarfi, amma ba a taɓa kulle ƙofa ba. Ita da take taƙama ta ƙwaci soyayyarta da ƙarfin tsiya, ashe kora ta ake yi kamar akuya zuwa turke!

Ta fito ba ta ganin gabanta. Mai kanti ya yi mata murmushi. Maƙwabciya ta yi mata murmushi. Murmushin iri ɗaya ne sak, kamar sun ara wa juna.

Bahago na duƙe kan wata rediyo ta faɗo shagon.

"Rabin raina, lafiya?"

"Kar ka ƙara kirana haka! Kai ma da kai aka shirya?"

Ta zayyane masa komai. Fuskarsa ta sauya.

"Wallahi ban sani ba... Ashe shi ya sa Baba ya yi ta zagin gidanku."

"To ka gani? Ni ban zaɓe ka ba, kai ba ka zaɓe ni ba. Me ya rage namu?"

Tsoro take ji sosai, tsoron ko zuciyarta ma ba tata ba ce.

Ya goge hannunsa a hankali. "Dutsen gugar nan, ranar da kika kawo na gyara shi. Na yi ta ce miki kaya bai iso ba, don kawai ki dawo. Wa ya sa ni?"

Ta sunkuyar da kai. Karo na biyu da ya lalace, ita ta datse wayar da almakashi, a bayan ƙofa, ba wanda ya gani.

"Ni ma..." ta ce, kuka da dariya suka haɗe mata.

Ta koma shagon Gwaggo, ta ɗauki reza ta farke rigar amaryar kaf.

"Mijin na karɓa. Rigar kuwa ni zan ɗinka abata."

Gwaggo ba ta hana ta ba. Da Auta ta buɗe ɗinkin, sai ta tarar an bar yadi mai faɗi a kowane gefe, isasshe ga mai son sakewa.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja kujera ta taka keken.

Ranar auren kafaɗar rigar a karkace take, kowa ya lura. Auta ba ta bari an gyara ba.