Dukusar da Mudi Ya So Sayarwa

Ranar kasuwar Gazawa, da kakar shekarar da aka sauke tutar Faransa, Maharazu ya fara ganin Indo. Wata goɗiya ce ta tsinke, maza na ta darewa, sai ga budurwa ta aje ƙwaryarta, ta kira dabbar da suna. Goɗiya ta tsaya cak.

"Ɗiyar Mudi mai dawaki ce," in ji wani. "A gindin turke ta yi rarrafe."

Maharazu manomi ne daga Cadawa, jaki ɗaya gare su. Duk da haka ya fara zuwa zance.

"Gimbiyar turke," yakan ce, "yadda kika tsai da goɗiyar nan, haka kika tsai da ni."

"Kai Na-Cadawa, bakinka ya fi gonarka yabanya!"

Amma Mudi ya ƙi. "Ban ba da ɗiyata ga wanda bai san doki ba." Shi hankalinsa na kan Ɗanmalam, ma'aikacin buro, wato ofis, mai keke. Ɗanmalam kuwa ya baza cewa gadon dawaki Maharazu ke hange. Indo ta ji, ta daina fitowa.

Sai Maharazu ya rubuta mata da ajami, goggonta Tani ta kai: "Gimbiyata, ko akuya babu a gidanku, ke nake so."

Amsa ta zo: "Na-Cadawa, na yarda. Ka zo ranar zaɓen dukusai. Ba abin da zan faɗa maka, ka buɗe idonka."

Duk kaka Mudi kan tsai da 'ya'yan dawakinsa, ya ware wanda zai bari don iri, sauran a kai kasuwa. Bana uku ne. Ya dubi samarin biyu. "Wanne za ku bari?"

Ɗanmalam ya nuna wani dukushi danda mai farin goshi, yana sheƙi. "Wannan ai ko makaho."

Maharazu ya durƙusa. "Baba, ban san doki ba, amma na san iri. Manomi ba ya yabon zangarniya sai ya ga gonarta. A nuna mini iyayensu."

Aka nuna masa. Ya roƙa a ja dukusan kan ƙasa mai tauri. Dandan na goga ƙafafun baya. Maharazu ya tafa hannu, biyu suka zabura. Wata dukusa ja mai ƙaton kai kunne kawai ta kaɗa.

"Wannan. Ƙirjinta da faɗi, kofatonta ba tsaga, zuciyarta a kwance. Uwarta ta tsufa, amma bayanta bai lotsa ba."

Mudi ya ɓata rai, don ita ya yi niyyar sayarwa, wata guda Indo na roƙonsa ya bar ta. "Wa ya faɗa maka?"

Daga bayan zana Indo ta ce, "Wallahi Baba, ban faɗa mashi ba."

Tsohon ya sunkuya, ya ɗaga kofatan dukusar ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙe, murmushi yake.

"Shekara talatin ina wannan sana'a, yau ɗiyata da manomi sun gyara mini ido. Dukusar ta zauna. Kai kuma, turo magabatanka."

Kafin damina aka ɗaura aure. Ranar kai amarya Mudi ya dafa kawunan ango da amarya gaban jama'a.

"Ku shaida, ni na zaɓa, kuma ban yi kuskure ba. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka."

Gida ya ɗauki amin, Goggo Tani ta rangaɗa guɗa.