Ƙarfen Lahadi da Sungumin Iliya

Rahila na tsugune a tsakar gida tana sheƙar irin hatsi, ranar Asabar da la'asar, sai ruwan farko na shekara ya sauko a ƙauyensu da ke gefen Sukukutane. Innarta Saratu ta daki ƙasa da ƙafa, ta ce wannan ruwan shuka ne, gobe tun kafin rana ta fito kowa na gona. Ƙasarsu rairayi ce, in rana ta kai tsaka laimar sama ta gudu.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifin Rahila, gidan babu namiji. Daga Inna sai ita, sai Kaka, mahaifiyar Inna, wadda idonta ya mutu. Amma bana Inna ta saki jiki, domin Iliya ya kawo goron neman Rahila an karɓa. A al'ada kuwa mai neman aure shi ke zuwa gonar surukai da sungumi, yana sarar ramu, mata na binsa suna zuba iri suna rufewa da diddige.

Iliya ya iso a jiƙe, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Inna. Ya ce zai zo, amma sai an tashi sujada. Pasto daga Dogon Dutsi sau ɗaya yake zuwa a wata, sauran Lahadin Iliya ke kaɗa tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a bishiyar majami'a, shi ke karanta Littafi. Inna ta ce wa zai zo sujada ranar shuka? Ai ita ma Kirista ce tun ba a haife shi ba, Allah da ya aiko ruwan ya san da shuka.

"Inna, ku yi mini pardon, ku gafarce ni. Ko mutum guda ya zo, ba ni son ya tarar da ƙofa rufe."

Rahila ta raka shi bayan darni tana kuka, ta roƙe shi ya bar Lahadi ɗaya tak saboda ita. Ya ce yana son ta fiye da yadda bakinsa zai iya faɗi, amma alkawarin nan ya riga nata. Ta juya ba sallama.

Washegari suna gona, Inna na sara da hannunta tana haki, sai ƙarar ƙarfen ta ratso daji. Rahila ta ji kamar a ƙirjinta ake bugawa. Da rana ta take sai ga Iliya a guje da sungumi a kafaɗa. Rabin gonar bai samu iri ba, ƙasa ta fara fari. Inna ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yaro, koma ka auri ƙarfenka. Ɗiyata ba ta zama da mijin da za ya bar ta da yunwa."

A ranar ta mayar da goro da turmin zane. Dattawan ikilisiya suka zo biko har sau uku, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, ta ce magana ta ƙare.

Damina ta yi wa Rahila tsawo. Ta rame, wuyanta ya fito, fura ma sai an matsa mata. Da fari haushin Iliya take ji, har ta daina zuwa sujada don kada ta gan shi. Sai Kaka ta fara damunta kowace Lahadi a riƙa mata sanda zuwa majami'a. Haka ta koma, tana zaune a bayan mata, tana jin muryarsa yana karatu, hawaye na zuba kan zanenta. Ba su magana, sai gaisuwa. A nan ta koyi addu'a ta gaske, tana cewa Ubangiji, in ba rabona ba ne ka cire mini shi daga rai. Bai fita ba.

Da aka fara girbi ciwo ya kwantar da Kaka. Ta ce a kira mata Iliya ya yi mata addu'a. Inna ta ce a jira pasto. Kaka ta ce ba za ta kai ba, sannan ta lalubo hannun ɗiyarta.

"Saratu, ran da kuka tafi shuka kun bar ni ni ɗaya. Na ji ƙarfe, na fita da rarrafe, shi ya tarbe ni a hanya ya goya ni. Mu biyu muka yi sujada. Ya karanta mini har ƙarshe, bai gaggauta ba, ina jin muryarsa na rawa. Na yi shiru ne don na san halinki. Wanda bai yar da Allah saboda ke ba, ba ya yar da ɗiyarki saboda wata."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Rahila ba ta jira izini ba, ta fita da gudu. Iliya ya zo, ya durƙusa ya yi addu'a, kafin azahar Kaka ta cika.

Bayan an share makoki Inna ta aika a kira shi. Idonta a kumbure, amma wuyanta a miƙe. Ta ce ya dawo da goronsa, sai dai kada ya ɗauka ta sauko kyauta.

"Baɗi in shuka ta faɗo ranar Lahadi, ka kaɗa ƙarfen nan tun da asuba. Mu yi sujada duka, mu wuce gona tare."

Iliya ya ce ya yarda. Rahila na bayan ƙofa tana kuka, ita kanta ba ta san na Kaka ba ne ko na murna.

'Yan mata da samari, gona da kasuwa ba su ƙarewa, kullum da abin da zai ce ku bar Allah sai anjima. Ku sa shi gaba ku yi haƙuri, ko da za ku sha kuka kafin ku ga amfanin.