Duwatsu Goma Sha Ɗaya

A bayan unguwar su wata yarinya akwai wani lambun shaƙatawa. Ba shi da girma sosai. Bishiyoyi ne da ciyawa, sai wata siririyar hanya da ta ratsa tsakiya ta gangara har bakin tafki. A bakin tafkin akwai benci guda ɗaya mai ƙafar ƙarfe.

Yarinyar da zan ba ku labarinta tana aji biyar. A gida ana ce mata Sarkin Sauri, domin ba ta tsayawa ta ji ƙarshen magana. Idan za a aike ta, kafin a faɗi abin da za ta sayo har ta kai ƙofa.

Kakanta ne ya sa mata wannan suna. Mahaifin babanta ne, kowa Baba Tsoho yake ce masa. Da can tela ne, amma shekara uku ke nan da idanunsa suka daina gani. Duk da haka, kowace safiya bayan yara sun tafi makaranta, yakan ɗauki sandarsa ya tafi bakin tafki shi kaɗai. A can abokansa biyu suke jiransa, tsohon direba da mai gyaran rediyo.

Wata rana ta taɓa tambayarsa, "Baba Tsoho, wai yaya kake gane hanya?"

Ya ce, "Zauna in gaya miki."

"To, bari in je in dawo!"

Ba ta dawo ba. Da ma ta zauna.

Ranar Alhamis malamarsu ta ce, "Ran Litinin shugaban makaranta zai zagaya. Ajin da ya fi gyara gaban ɗakinsa za a yabe shi a gaban kowa."

Yara suka share, suka dasa furanni. Amma wurin bai yi wa Sarkin Sauri kyau ba. Sai ta tuna da wasu fararen duwatsu da take gani a lambu. An jera su a gefen hanya, daidai inda hanyar ta karkata kusa da ruwa. An shafa musu farin fenti, gwanin sha'awa.

Ranar Lahadi da la'asar ta ari baro a maƙwabta. Ta je lambu, ta duba hagu, ta duba dama. Mai kula da lambun ba ya nan, ya tafi hutu.

Ta ce a ranta, "Ai duwatsu ne kawai. Ba na kowa ba ne."

Ta kwashi guda bakwai, ta bar huɗu. Ta tura baro har makaranta, ta jera su kewaye da furanni.

Ranar Litinin shugaban makaranta ya tsaya a gaban ajinsu ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau!" Aka tafa musu. Sarkin Sauri ta dawo gida da gudu, bakinta cike da labari.

Tana shiga tsakar gida ta ja ta tsaya. Rigar Baba Tsoho tana rataye a igiya, an wanke ta amma tabon laka bai fita ba. Takalminsa ƙafa ɗaya ne kawai a bakin ƙofa.

"Mama, me ya faru?"

Mama ta ce, "Rage murya. Kakanki ne ya faɗa tafki ɗazu da safe. Allah ya sa direba ya hango shi, shi ya jawo shi. Gwiwarsa ta fashe, sandarsa kuma ruwa ya tafi da ita."

Ta shiga ɗakinsa a hankali. Yana zaune a bakin gado, an ɗaure masa gwiwa da bandeji.

"Sannu, Baba Tsoho."

"Yauwa, Sarkin Sauri. Yau kakanki ya riga ki sauri, har cikin ruwa."

Ya yi ƙoƙarin dariya, amma dariyar ba ta fito ba. Ta zauna kusa da shi. Wannan karon ba wanda ya ce mata ta zauna.

Ya ce, "Kin taɓa tambayata yadda nake gane hanya. Mai kula da lambu ne ya jera mini duwatsu. Guda goma sha ɗaya. Ina tafiya ina taɓa su da sanda ina ƙirgawa. In na kai na sha ɗaya sai in juya dama, taku biyar, ga benci."

Nan take ta tuna da duwatsun da ta kwashe.

Ya ci gaba, "Yau na ƙirga huɗu, sai sanda ta daina taɓa komai. Na yi ta lalube ina gaba, sai ji na yi ƙasa ta ƙare. Na saki hanya ne ban sani ba. A da ido ne kawai ya tafi. Yanzu ga alama kaina ma ya fara bin sa."

Sarkin Sauri ta buɗe baki, ta rufe. Yarinyar da ba ta iya riƙe magana ko minti ɗaya, yau ta riƙe wannan, ba ta faɗa masa gaskiya ba.

Da Baba, wato mahaifinta, ya dawo daga aiki ya ce wa Baba Tsoho, "Baba, don Allah ka daina fita kai kaɗai. Hankalinmu ba zai kwanta ba."

Baba Tsoho ya ce, "Na daina."

Babu wanda ya san amfanin duwatsun nan sai shi da mai kula da lambu. Sai kuma ita yanzu.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Baba Tsoho bai fita ko tsakar gida ba. Bai kunna rediyonsa ba. Abincin da aka kai masa yakan dawo da saura. Idan ta shiga gaishe shi ba ya tsokanarta, sai dai ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Wannan albarkar ta fi bulala yi mata zafi.

Ranar Laraba da yamma ta bi ta lambu. Bencin ba kowa. Matar da ke sayar da lemo a bakin ƙofar lambun ta kira ta.

"'Yata, yaya jikin tsohon? Tun da ya daina zuwa abokansa ma sun daina. Wurin nan ya yi shiru da safe. Shi ne mai ba mu dariya."

Sarkin Sauri ta amsa da ƙyar. Ta kalli gefen hanya. Ga ramuka bakwai a ƙasa, inda duwatsun suka zauna.

Ranar Alhamis aka tashi hutun tara, ita ba ta fita ba. Ta kifa kai a kan tebur. Malama ta zo ta dafa kafaɗarta.

"Lafiya? Kwana uku ke nan ban ji muryarki ba. Har na fara kewar surutunki."

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗa wa Malama komai, tun daga baro har zuwa tafki.

Malama ta ce, "Ni ma ina da laifi. Na ga duwatsun, na yaba, ban tambaye ki inda kika samo su ba."

"Malama, in na mayar da su a ɓoye fa? Ba wanda zai sani."

"Za ki iya. Amma kakanki zai ci gaba da zaton kansa ne ya lalace. Wa zai gaya masa ba haka ba ne?"

Sarkin Sauri ta share hawaye. "Ni ce."

Da ta koma gida ta kira Mama, ta jira Baba ya dawo. Suka shiga ɗakin Baba Tsoho tare. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba Tsoho, ba ka saki hanya ba. Ni na kwashe duwatsun. Guda bakwai. Na kai su makaranta."

Mama ta ce, "Ke! Kuma kika yi shiru kwana huɗu kina kallonsa?"

"Tsoro na ji, Mama."

Baba Tsoho ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Can ya ce, "Guda nawa kika bari?"

"Huɗu."

"Huɗu," ya maimaita. Ya dafa kansa da hannu biyu. "Huɗu na ƙirga. Ashe kaina lafiya lau yake!"

Hawaye suka zubo masa. Ita ma ta fashe da kuka.

"Ka yafe mini, Baba Tsoho."

Ya lalubo kanta ya shafa. "Na yafe miki duwatsun, don ba ki sani ba. Shirun ne ya fi ciwo. Kwana huɗun nan sun yi mini tsawo ƙwarai, jikata. Shi ma na yafe."

Baba ya ce, "Ke kika kwaso su, ke za ki mayar. Kuma za ki je ki ba mai kula da lambu haƙuri da bakinki."

Ranar Asabar da safe Malama ta zo da yara shida daga ajinsu. Sarkin Sauri ce ta tura baron. Mai kula da lambu ya dawo daga hutu. Ta tsaya a gabansa ta ba shi haƙuri.

Ya ce, "Da kin tambaye ni, da na ba ki wasu. Suna nan jibge a bayan ɗakina."

Wannan maganar ta ƙara mata kunya.

Suka mayar da kowane dutse raminsa. Mai kula da lambu ya kawo fenti suka sake shafa musu. Ya kuma kafa ɗan allo, Malama ta rubuta a jiki: "Waɗannan duwatsu suna nuna wa wani hanya. Don Allah a bar su."

Ranar Lahadi Baba ya kawo sabuwar sanda. Tsohuwar dai ba a ƙara ganinta ba, tabon gwiwa ma yana nan har yau. Suka rako Baba Tsoho zuwa farkon hanyar. Can a benci ga direba da mai gyaran rediyo suna jira.

Baba Tsoho ya ce, "Kowa ya sake ni."

Suka sake shi. Ya fara tafiya yana ɗan ɗingishi. Sanda ta taɓa dutse, ƙwas!

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu."

Ya tsaya. Sarkin Sauri tana bayansa, ta riƙe numfashi. Ya miƙa sandar a hankali. Ƙwas!

"Biyar!" in ji shi da ƙarfi.

Bai ƙara tsayawa ba sai da ya kai sha ɗaya. Ya juya dama, ya yi taku biyar, ya zauna a tsakanin abokansa. Mai sayar da lemo ta yi ta tafa masa.

Ya ce, "Ina Sarkin Sauri? Zo nan. Me kika koya?"

Ta zo ta zauna a gefensa. Ta ce, "Abin da ke wurin jama'a yana da masu shi, ko da ban gan su ba. Zan riƙa tambaya kafin in ɗauka. In kuma na yi laifi, zan faɗa tun da wuri."

"Madalla. To, zauna in ba ki wani labari."

Ta gyara zama. Wannan karon sai da ta ji ƙarshensa.