Inda Motoci Suka Kwana

Auta ta fara ganinsa ne a bayan otal ɗin mahaifinta, wurin da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka. Yana tsugune tsakanin bola da wata mota, hankici a hanci, yana rubutu a ɗan littafi. Ruwan kwata baƙi ƙirin yana bi ta ƙarƙashin takalminsa.

Ta ɗauka ɓarawon madubin mota ne. Ya ce injiniya ne, mai otal ya ɗauko shi ya ƙiyasta wurin fakin nawa sabon gininsa zai buƙata. Ta toshe hanci ta ce ai sai ya ƙirga daga nesa. Ya ce daga nesa ba a ganin wadda ta ɓuya bayan wata. Tun ranar ta raɗa masa Ƙirgau.

Otal ɗin ba na kwana ɗaya ba ne. Masu dogon zama ke cika shi: ma'aikata, masu jinya, iyalan da ake yi wa gyaran gida. Ɗaki tamanin ne, sabon ma haka zai zama. Manajan otal ɗin ya riga ya hure wa mai otal kunne cewa gurbi arba'in ya isa, sauran filin a yi ɗakin taro. Da tsakar rana ya yi nasa ƙirgan, lokacin da kowa ya tafi aiki. Mutum ne mai sakace haƙori da makullin mota ya goge a jikin labule, kuma wai shi ma Auta yake so. Ita kuwa ko sunansa ba ta son ji.

Ƙirgau kuwa sati biyu yana sammako. Auta da ke teburin karɓar baƙi ta koyi sammakon ita ma, ta kan kai masa shayin da ba ya shawuwa a wurin saboda wari. Ya gaya mata mai zaman wata uku da motarsa yake zuwa, ƙarshen mako maiɗakinsa ta iso da tata, wata motar kuma ba ta motsawa sam. Lissafinsa ya tsaya a casa'in. Kafin ya tsaya, zukata sun riga sun yi nisa.

Mai otal bai taɓa isowa kafin ƙarfe goma ba, kullum fili fetal yake tararwa. Ranar da Ƙirgau ya kai masa rahoto, Manaja ya riga ya tsegunta masa zancen shayi. Mai otal ya ture takardar da bayan hannu.

"Yaro, wanda bai ji maganata a kan fili ba, ba zai ji ta a kan 'yata ba. Ka rubuta arba'in ka sa hannu, sai mu yi ɗayar maganar."

Da yamma Auta ta tura masa saƙo:

"Ƙirgau na, lamba ce fa kawai. Ka rubuta mu huta. Ko motocin mutane sun fi ni ne?"

Ya amsa:

"Autar zuciyata, babu abin da ya fi ki. Amma in na yi wa Baba ƙarya don in same ki, ranar da na ce ina sonki ma sai kin sake ƙirgawa."

Kwana huɗu ba ta kula shi ba. Manaja ya samu sake, yana ta jingina a teburinta da warin baki.

A rana ta biyar ruwa ya kwana yana zuba. Da sassafe Auta ta hango wata tsohuwa mai jinya, wata biyu ke nan tana otal ɗin, tana ƙoƙarin kaiwa ga motar ɗanta a bayan gini. Sandarta ta nutse a ruɓaɓɓiyar shara, bakin zanenta ya sha ruwan kwata. Ba ta yi ƙorafi ba, ta saba. Auta ta ji ƙyamar wurin, ta ji ƙyamar Manaja, amma ƙyamar saƙon da ta tura ta fi damunta.

Ruwa ya ɗauke, motoci suka watse. Sai ta lura duk inda mota ta kwana ta bar busasshen gurbi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta kira Ƙirgau, sannan ta tare mahaifinta a bakin ƙofa.

"Baba, kar ka yarda da kowa. Ka ƙirga busassun guraben nan da kanka kafin rana ta busar da ƙasar."

Ya harare ta, amma ya fara. Arba'in ta ƙare tun yana gaban gini. Ya bi jikin katanga, ya kewaya baya, inda rabonsa da takawa shekara uku. Gurbi na tamanin da shida yana kan bolar kanta, kuma ba ma ƙarshen mako ba ne. Takalminsa ya lume har idon sawu, tsutsa na motsi a gefe. Manaja ya tsaya can nesa, ya tattare riga.

Da mai otal ya tambayi wane ne yake fakin a nan aka gaya masa ɗan tsohuwar nan mai jinya ne, sai ya sunkuyar da kai.

Ya juyo ga Ƙirgau, wanda ke tsaye cikin ƙazantar tare da shi.

"Casa'in ɗinka na nan yadda ka rubuta. Ka turo magabatanka. Amma ka ce su zo da mota ɗaya, ka dai ga halin da muke ciki."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mai otal ya haɗa hannayensu ya ce wa Auta: "Ni ma bai yi mini ƙarya ba, ranar da ke ce ladan ƙaryar. Je ki, Allah ya yi muku albarka."