Gaiwar Hawa na Tara

Ana gab da magariba abin ya fara. Hassia tana tuƙa tuwo a gidansu da ke hawa na tara, a unguwar Minguettes ta Lyon, sai ta ji tim a jikin taga. Ta leƙa. Curin laka ne jiƙaƙƙe, yana zamewa a kan gilashi. Wane hannu ne zai kai jifa hawa na tara?

Ta juya ta dubi akwatin gilashin da ke falo. Gaiwar tana ciki, ta miƙe kamar taɓarya, ba ta ko motsi.

Mijinta Moutari ne ya kawo ta, shekara huɗu da suka wuce. Da ya je hutu ƙauyensu, can bayan Damagaram, ya haƙo ta daga busasshen tafki, tana barcinta na rani cikin curin laka. Tsofaffi suka ce masa ba a taɓa wannan tafki. Ya yi dariya, ya naɗe curin a zane, ya jefa a jaka. Da ya iso Lyon ya fasa lakar, ya zuba ruwa, kifi ya farka.

A ranar jifan nan ne takardar hukuma ta iso. Ɗiyarsu Shamsiya, mai shekara goma sha shida, ita ke karanta musu Faransanci, kuma a gaban akwatin ta tsaya ta karanta. Kifin ya shigo ƙasa ba izini, ba za su riƙe shi ba. Sakinsa a kogi ma laifi ne. Za a zo a ɗauke shi cikin kwana goma.

Tun daga nan yarinya ta yi shiru. Hassia ta same ta a bahon wanka da kayan makarantarta, ruwa har wuya, ido a buɗe. Kwana shida ba ta ci komai ba. Likita ya ba da ƙwayoyi, ba su yi ba. Kowace magariba laka na dukan taga, Hassia tana gogewa tana kuka. Kai, Allah kada ya nuna wa wata uwa.

Rana ta bakwai, bayan la'asar, Malam Ilya ya iso daga Sevran, kusa da Paris, a jirgin ƙasa. Ya zauna a bakin ƙofar banɗaki, ya daɗe yana karatu. Can sai bakin Shamsiya ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Wa ya fasa mini ɗaki?"

"Ni ne, Kaka," in ji Moutari. "Ki yi haƙuri."

"Shekara huɗu ina haƙuri tare da kifina cikin ruwa mai warin magani. Yanzu za ku ba da ni ga baƙi. To, na samu wani mazauni."

"Yarinya ba mazauni ba ce," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah."

"Yau ɗin nan zan saki gaiwar a kogi, ko ɗaure ni za a yi!" in ji Moutari.

"Wannan ba kogina ba ne."

"Kifi ya fita hannunsu," in ji Malam a hankali. "Ba jirgin da zai yarda ya ɗauke shi. Faɗi abin da za ki karɓa."

Famfo yana ɗiga.

"Lakata."

Moutari ya dafe kai. Lakar shekara huɗu?

Hassia ta miƙe. Ta taka kujera, ta sauko da wani gwangwanin madara daga saman kabad. Ran da mijinta ya fasa curin, ita ta share ɓarɓashin, ta kasa zuba ƙasar gida a shara.

Hancin yarinyar ya yi motsi. "Kada ruwa ya taɓa ta sai na tafkina."

Ta yi atishawa sau uku, wuyanta ya langaɓe. Gwangwanin ya yi nauyi a hannun Hassia, har sai da ta tallafe shi da ƙirji.

"Inna," in ji Shamsiya da muryarta, "sanyi nake ji."

Ma'aikata suka zo suka ɗauke gaiwar a ranar da suka faɗa. Hassia ba ta yarda ta ba kowa saƙon ba, da kanta ta hau jirgi a Paris, gwangwani a cinya. Duk sanda aka wuce da ruwan sha, sai ta lulluɓe shi da mayafi, ta kife a kansa. Leɓenta ya bushe ya tsage, ba ta kurɓi ko ɗigo ba, sai da ta durƙusa a bakin tafkin, ta ji gwangwanin ya koma sakayau a hannunta.