Sadakar Gali

Kada wanda ya ce min ƙaddara ce ta afka wa Gali. Da ƙafarsa ya je, da idonsa biyu a buɗe.

Duk Sabo an san shi, ɗan Inna Hawa mai waina, mai gyaran waya a wani ɗan shago a Mokola. Kai kam akwai shi, wannan ba a musu. Ya karanta kwamfuta a nan Ibadan, ya iya rubuta manhaja, amma zuciyarsa tana Kanada. Sau uku wata jami'a a can tana ba shi gurbin karatu, sau uku ana hana shi biza. Abokan karatunsa duk sun yi japa, sun tsere ƙasar waje, suna turo hotuna cikin ƙanƙara, shi yana nan yana sauya wa mutane gilashin waya. Ranar da amsa ta uku ta zo, wayar wani kwastoma ya ɗauka ya rotsa da bango.

Abokinsa Ɗanmalam, dillalin shanu a karar Akinyele, ya ja shi gefe. "Oga, wahalar nan ta isa haka. Akwai wani tsoho bayan kara. Ko ƙofar ƙarfe ce, in ya tofa sai ta buɗe."

Da rana tsaka suka je a okada, suka ƙarasa a ƙafa ta cikin gonar rogo. Ɗanmalam ya tsaya daga waje. Ɗakin na tsohon kwano ne, an rataye ƙahonin shanu a bango, ƙarni ya cika ko'ina. A tsakiya akwai baƙar tukunya, rabinta a binne, bakinta ya yi kauri da busasshen jini. Ƙudaje sun cika ɗakin fal, amma ko ɗaya ba ya sauka a kanta. Gali ya kasa kunne, ya ji tukunyar tana numfashi.

Tsohon bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Ya ce, "Ƙasar Turawa kake so, da aikin yatsu. Za ka samu. Duk shekara baƙin bijimi ɗaya, a nan za a yanka, ba bisimilla. Jinin na mai tukunya ne. Naman ka raba wa mutane."

"Shi ke nan, Baba?"

"Mai tukunya ba shi da jiki. A cikin waɗanda suka ci naman, zai ari jikin mutum ɗaya."

Gali ya ce, "In ya ara, yana mayarwa?"

Tsohon ya yi dariya. "Ka taɓa ba kura ajiyar nama ka koma karɓa?"

"To ban da gidanmu. Ban da uwata da ƙanwata Ramlat."

"Ni ba na gadin bakin kowa. Wanda bai ci ba, ba ruwansa."

Nan Gali ya tuna 'yan ci-rani, 'yan dakon nan da ke zuwa daga Arewa suna kwana a bakin shaguna, waɗanda ba wanda ya san ko sunan ubansu. Ya ce a ransa, ɗaya a cikin ɗari, wa zai lura? Tir da wannan tunani! Ya miƙa hannu. Tsohon ya tsaga masa kan yatsunsa goma da aska, ya matse su cikin tukunyar, ya ɗora fasfo ɗinsa a bakinta. Wani abu daga ciki ya tsotsi jinin, har ƙarar ana ji.

Ya ɗora wa Ɗanmalam aikin rabon, da sharaɗi uku: kada ya ci, kada ko tsoka ɗaya ta shiga gidan Inna Hawa, kada ya faɗi sunan mai sadaka. Bai gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba, tunda akwai la'ada.

Kwana biyu da rabon farko, wani ɗan dako ya jefar da kayan da ke kansa a shataletalen Mokola, ya kafa haƙora a damtsensa ya yago tsoka. Mutum huɗu suka kasa riƙe shi. Ya karya wa ɗaya muƙamuƙi, ya ruga ya shige ƙarƙashin tirela. Gali yana tsaye a ƙofar shagonsa, ya ga komai. Ya yi amai a bayan shago, ya wanke baki. A makon biza ta fito, ya kuma shiga jirgi.

Can kuwa duniya ta buɗe masa. Manhajar da 'yan ajinsu ke kwashe mako suna fama da ita, shi kafin shayinsa ya huce ya gama. Wani lokaci yakan ɗaga kai ya ga yatsunsa suna ta bugawa ba da saninsa ba. Tun bai kammala karatu ba wani kamfani ya ɗauke shi. Ya rushe wa Inna Hawa gida ya gina na bulo, ya hana ta suyar waina, ya sa Ramlat a makarantar koyon jinya. A shekara ta biyu Ɗanmalam ya ba shi labarin wani mai wankin takalmi da ya sassare abokin kwanansa da adda. Gali ya ce, "Allah ya kyauta," ya kashe waya. A watan aka yi masa ƙarin girma.

Amma ya manta da halin mutanensa. Bahaushe ba ya cin alherin mutum ya share baki ya wuce. A rabo na uku, Maikuɗi, dattijon da ke shugabantar 'yan dako, ya riƙe rigar Ɗanmalam. "Shekara uku muna cin naman bawan Allah ba mu san wa za mu yi wa addu'a ba. Wallahi yau ba mai taɓa naman nan sai ka faɗi sunansa." Ɗanmalam ya ga ai abin alfahari ne, ya faɗa. Nan take suka ware hanta da tantaƙwashi, suka naɗe a ganye, Maikuɗi da kansa ya kai wa uwar mai sadaka, don ba a cin bijimin ɗa a bar uwarsa da jin labari.

Gali yana ofis da hantsi kiran bidiyo ya shigo. Inna Hawa ce zaune a tsakar gida bayan la'asar, da kwano a cinyarta, idonta cike da hawayen daɗi.

"Gali, ashe abin da kake yi ke nan a ɓoye? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ga hantar bijiminka, Ramlat ta soya mana, ita har ta ci nata."

Ya miƙe har kujera ta kife. "Inna, kada ki ci! Ki tofar! Inna!"

Hoton ya daskare, ga loma a bakin leɓenta. Ya yi ta ihu a waya, Turawan ofis suka tsaya suna kallonsa. Da layin ya dawo, tana tauna tana cewa, "Me ka ce? Ba na jin ka."

Sai ya hango Ramlat a bayanta. Ta fito daga kicin, kanta a karkace, idonta fari fat, haɓarta duk jini domin ta tauna harshenta. Wuƙar yankan nama tana hannunta.

"Inna, gudu! Bayanki!"

Uwar ta waiwaya, ta ce, "Ramlat, lafiya?" Wuƙar ta shige ta a wuya. Wayar ta faɗi ƙasa tana kallon sama, kuma kiran bai yanke ba. Gali ya ji kowane sara, ya ji uwarsa tana kalmar shahada har muryar ta ɗauke. Sannan fuskar Ramlat ta leƙo cikin wayar, ta yi masa murmushi, ta ce da wata murya mai kauri da ba tata ba, "Naman gida ya fi daɗi."

Kafin masu gadin ofis su kama Gali, ya sa hannunsa a bakin ƙofar ƙarfe ya yi ta bugawa har yatsun suka farfashe. Bai halarci jana'izar uwarsa ba, yana ɗaure a gadon asibiti. Ramlat tana gidan mahaukata cikin mari har yau. Shi kuma an dawo da shi Sabo, ba ya iya riƙe ko cokali, kuma ba mai amsa masa sallama, domin Ɗanmalam ya haɗa lissafi ya gano komai, ya fasa ƙwai a gaban masallaci. Maikuɗi ya tattara ya koma garinsu yana kuka, yana cewa da hannunsa ya kai hantar.

To, ku masu zumuɗin fita waje ko ta halin ƙaƙa, ku ji da kyau. In an hana ku biza, ku sake nema, ko ku haƙura da abin da Allah ya ba ku. Wanda duk ya yarda a zubar da jinin ɗan wani don ya ci gaba, ya sani ba shi zai zaɓi gidan da za a yi makoki ba.